Tsohon fim na dariya ko na almarar kimiyya: wanne za ka fara kunna wa wanda bai tashi da shi ba?

Akwai finafinan da ba a auna su da kuɗin da suka kawo a makon farko. Wasunsu ma ba su yi kasuwa a sinima ba, sai daga baya kaset da talabijin suka raya su, suka samu 'yan gani-kashe-ni masu haddace maganganun ciki suna jefa wa juna shekara da shekaru. Rigimar tana tasowa ne ranar da ɗaya daga cikin masoyan ya tara ƙannensa ko 'ya'yansa ya kunna musu. Shi ya fara ƙyaƙyata dariya tun kafin abin dariyar ya iso, su kuwa kowa ya sunkuyar da kai kan waya. Daga nan sai a fara cewa yaran yanzu ba su san fim ba, su kuma su ce na da ba su da abin kallo.

Wanda ya kalli fim yana ɗan shekara 12 ya haɗa shi da abubuwa da yawa: ɗakin da aka cunkushe a ciki, yayan da ke fassara wa kowa, ɗokin jiran a kawo wuta. Masu nazarin ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura cewa abin da mutum ya gani tsakanin shekara 10 zuwa 30 ya fi zama daram a ransa. Sabon mai kallo ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, fim ɗin kawai ke gabansa. Don haka ma'aunin zaɓi shi ne guzurin da fim yake nema daga mai kallo: jin harshen sosai, ko sanin wasu finafinan da ake zolaya a ciki, ko haƙurin zama. Sai kuma abin da ya shafe mu musamman, wato ko akwai wurin da zai sa ka lalubi rimot a gaban yara ko surukai.

A ɓangaren barkwanci, wanda ya fi kowa ƙarancin neman guzuri shi ne The Gods Must Be Crazy, na Jamie Uys, wanda ya fito a Afirka ta Kudu a 1980, tsawonsa kusan minti 109. Matuƙin jirgin sama ya jefo kwalbar Coca-Cola a hamadar Kalahari, mutanen da ba su taɓa ganin gilashi ba suka tsince ta, ta zama tushen faɗa a tsakaninsu, sai ɗaya daga cikinsu ya ɗauke ta zai kai ƙarshen duniya ya yar. Dariyar a jiki take. Dubi wurin tsohuwar Land Rover ɗin nan da ba ta da birki kuma ba a isa a kashe ta ba: direban ya iso ƙofar shinge a kan gangara, dole ya diro ya buɗe, motar tana komawa baya, ya bi ta da gudu, ya nemi dutse ya tare taya. Daga baya igiyar jan motar ta naɗe ta har ta rataye a saman bishiya. Ko ka kashe sauti, tsohuwa da jikanta za su yi dariya a lokaci guda. Uys ya riƙa hanzarta hoton kamar na zamanin Charlie Chaplin, kuma wannan dabarar ba ta tsufa.

Amma akwai abin da idon yaro bai gani ba a lokacin. An yi fim ɗin ne a tsakiyar mulkin wariyar launin fata, kuma muryar mai ba da labari tana magana a kan mutanen San, mazauna Kalaharin nan, kamar ana bayanin namun daji. 'Yan tawayen baƙar fata da ke ciki an mai da su wawaye. N!xau, ɗan Namibiya da ya fito a matsayin mai ɗaukar kwalbar, an ruwaito cewa 'yan ɗaruruwan daloli kawai aka ba shi, alhali fim ɗin ya kawo miliyoyi. Ya rasu a 2003. Matashin da ya yi karatu zai lura da wannan, kuma yana da gaskiya. Gara ka faɗa masa da bakinka tun kafin a fara. Akwai kuma tufafin mutanen jeji da ba su rufe jiki ba, da wurin da malamar makaranta ta cire rigarta a bakin rafi.

A can ɗaya gefen akwai Spaceballs na Mel Brooks, 1987, minti 96. Masoyansa suna ji da shi, amma shi ne mafi haɗarin farawa da shi. Mafi yawansa zolayar Star Wars ne. Ƙatuwar baƙar hular da Rick Moranis ya kifa a kai ba ta da ma'ana ga wanda bai san Darth Vader, bos ɗin Star Wars, ba. Rabin sauran dariyar kuma wasa ne da kalmomin Turanci. An ba sojoji umarni su bincike hamada lungu-lungu, sai aka gan su da ƙaton mataji suna taje rairayi, don a Turanci kalma ɗaya ce ke nufin taje gashi da bincike wuri. A wani wurin an toshe na'urar hango jirage da abin shafa wa burodi, saboda sunansa ɗaya ne da toshe sigina. Ka fassara wannan da Hausa, ya mutu nan take. Wanda ya san Samanja zai gane matsalar: daɗin wasan Usman Baba Pategi yana cikin Hausar barikin da yake karyawa, in ka juya wa Bature ita zuwa harshensa sai ya rasa me ake wa dariya. Ban da haka akwai zantukan batsa a Spaceballs da ba su dace da falo ba.

Monty Python and the Holy Grail na 1975 ajinsu ɗaya, sai dai ya fi shi hikima. Kuɗi ya yi wa masu shirya shi kaɗan har ba su iya hayar dawakai ba, sai suka sa bara yana bin jarumi a baya yana ƙwanƙwasa ɓawon kwakwa biyu don ya ba da ƙarar kofato. Wannan kowa zai gane. Sauran kuwa doguwar gardama ce irin ta mutanen Ingila, kuma fim ɗin ya yanke ba tare da an warware labarin ba, abin da ke ɓata wa sabon mai kallo rai. Muhimmin gargaɗi: akwai wurin da aka zana surar Ubangiji a cikin gajimare ana barkwanci da ita. Ga mafi yawan gidajenmu wannan kaɗai ya isa a ajiye shi.

Finafinan Indiya suna shigowa da wata riba da na Amurka ba su da ita a wajenmu. Tun shekarun 1950 'yan kasuwar Lebanon suka fara kawo su gidajen sinima na Arewa, mutane suka saba bin labarinsu ba tare da jin harshen ba. Saboda haka Andaz Apna Apna na Rajkumar Santoshi, 1994, yana samun gida cikin sauƙi. Shi ne cikakken misalin fim ɗin 'yan gani-kashe-ni: bai yi abin kirki a kasuwa ba duk da Aamir Khan da Salman Khan suna ciki, maimaicin talabijin ne ya ɗaga shi. Samari biyu 'yan cika-baki marasa ko sisi suna rige-rigen auren 'yar attajiri, ba su san ta yi musayar suna da sakatariyarta ba. Paresh Rawal ya fito a mutum biyu, attajirin da mugun tagwayensa. Salon nan na cuta ta ci cuta, wanda ya tashi da finafinan marigayi Ibro zai ji shi kamar na gida. Akwai wurin da aka zuba guba a kofin lemo, Aamir Khan ya shiga ba da labarin wasan ƙwallo yana tura kofuna a kan tebur kamar 'yan wasa, har wanda ya zuba gubar ya rasa wanne ne. Wannan ido ke cinsa, ba ya buƙatar fassara.

Inda yake neman guzuri shi ne tsawo da habaici. Kusan minti 160 ne, kuma bayan tsakiya akwai jan ƙafa. Sannan cike yake da shaguɓe ga tsofaffin finafinan Indiya. Shehzad Khan yana kwaikwayon muryar mahaifinsa Ajit, shahararren bos na shekarun 1970. Kiɗan da gangan aka yi shi irin na da, mai tafiyar kofaton doki. Ɓarawon da Shakti Kapoor ya fito a matsayinsa, Crime Master Gogo, yana alfahari da cewa shi ɗan ɗan'uwan Mogambo ne. Wanda bai san Mogambo ba, wannan ta wuce shi.

Mogambo kuwa shi ne ya kai mu almarar kimiyya, domin shi ne bos ɗin Mr. India na Shekhar Kapur, 1987, rawar da Amrish Puri ya taka. A wannan ɓangaren abin da ke raya fim shekaru da yawa shi ne doka ɗaya bayyananniya da yaro zai iya riƙewa. Dokar Mr. India ita ce: wanda ya ɗaura na'urar a hannu ya ɓace, amma jan haske yana tona shi. Daga wannan guda ɗaya aka gina dariya da fargaba duka. Duk lokacin da jan gilashi ko jar fitila ta bayyana, gaban mai kallo ya faɗi ba tare da an yi masa bayani ba. An yi dabarun ɓacewar ne da kyamara da wayoyi, ba da kwamfuta ba, shi ya sa kujerar da ke motsi ita kaɗai ko bulalar da ke tashi a iska har yau suna da nauyin abu na gaske. Zuciyar labarin kuma ta kusa ce: Anil Kapoor yana riƙon marayu a gidan haya, kuɗin cefane ya ƙare, mai kanti ya hana bashi, yara sun kwana biyu ba su ci ba. Miyagun ma aikinsu gurɓata abinci da ɓoye kaya. Ba sai an yi wa kowa bayanin wannan ba.

Abubuwan lura guda uku ne. Tsawonsa kusan awa uku. Wata ƙaramar yarinya daga cikin marayun ta mutu a fashewar bam, wuri ne mai taɓa zuciya ga yara 'yan ƙasa da shekara takwas. Akwai kuma waƙar da Sridevi ta yi cikin ruwan sama da ya kamata a tsallake, da wani wuri da ya shafi gunki.

Takwaransa na Amurka shi ne Back to the Future na Robert Zemeckis, 1985, minti 116. Shi bai faɗi a kasuwa ba, shi ya fi kowane fim kawo kuɗi a shekarar, amma masoyansa halinsu ɗaya da na waɗancan. Ta fuskar tsara labari babu wanda ya kamo shi a duk waɗanda aka ambata. Dokarsa a fili take: motar DeLorean tana ratsa zamani idan ta kai gudun mil 88 a awa, kusan kilomita 142, kuma ta samu wuta mai ƙarfin gigawat 1.21. Yaron da labarin ke kansa ya faɗa 1955, babu makamashin komawa, sai aradun da aka san za ta faɗa kan hasumiyar agogo da ƙarfe 10:04 na dare. Kuma ya shiga tsakanin haɗuwar iyayensa bisa kuskure, hoton da ke aljihunsa yana nuna 'yan'uwansa suna gogewa ɗaya bayan ɗaya. Agogo biyu ke bugawa a kansa lokaci guda.

Abin da ke kashe shi a wurin sabon mai kallo shi ne rabin awar farko. Ba a yi tafiyar ba tukuna, ana ta shuka abubuwa ne: takardar neman a ceci hasumiyar agogon, labarin yadda uwa ta haɗu da uba, sunan kasuwar da ake kira ta tagwayen bishiyoyi. Yaron ya take ɗaya daga cikin bishiyoyin a 1955, da ya dawo sai allon kasuwar ya koma bishiya ɗaya tilo, kuma ba wanda ya ce uffan a kai. Duk wanda ya yi wannan rabin awar yana danna waya ya yi asarar ribar awa ɗaya da rabi da ke biye. Don haka sharaɗinsa ɗaya ne, a ajiye wayoyi tun daga farko. Wasu barkwancin na Amurkawa ne zalla, kamar mamakin da masanin da ya ƙera motar ya yi cewa ɗan wasan fim Ronald Reagan ya zama shugaban ƙasa, amma ba su da yawa. Abin da ya fi nauyi a wajenmu shi ne uwar yaron, tana budurwa, ta kamu da sonsa ba ta san ɗanta ba ne, sai kuma wurin da mugun saurayin ya yi yunƙurin cin zarafinta a mota. An kuma nuna 'yan Libiya a matsayin 'yan ta'adda. Na abokai ne da matasa, ba na zama da iyaye ba.

Galaxy Quest na 1999, minti 102, ya cancanci a ambace shi don ya yi abin da Spaceballs ya kasa. Shi ma zolaya ne, ta Star Trek, amma yana da labarin kansa: baƙin halittu sun kama wani tsohon shirin talabijin, suka ɗauka tarihi ne na gaskiya, suka zo neman taimakon 'yan wasan da tauraronsu ya dusashe. Ko ba ka taɓa jin Star Trek ba za ka bi. Sai dai yana son mai jin Turanci.

Blade Runner na Ridley Scott kuwa kada ka kuskura ka fara da shi. Ya fito a Yunin 1982, mako biyu bayan fim ɗin E.T., bai yi kasuwa ba, yau kuma ana karantar da shi a jami'o'i. Tafiyarsa a hankali take, duhu da ruwan sama, tambayarsa ita ce me ya raba ɗan Adam da halittar da aka ƙera aka ba ta shekara huɗu kacal. Akwai tsiraici da zubar da jini. Na babban mutum ne shi kaɗai da dare. Kuma masoyansa ma ba fim ɗaya suke tunawa ba. Na 1982 yana da muryar Harrison Ford tana bayani, ya ƙare da farin ciki. Na 1992 an cire muryar da wannan ƙarshen, an ƙara mafarkin doki mai ƙaho ɗaya wanda ya sauya fahimtar labarin. Na 2007, mai suna The Final Cut, minti 117, shi ne wanda daraktan ya samu cikakken iko a kansa, kuma shi ya kamata sabon mai kallo ya nema. Haka Star Wars: wanda ke yawo yanzu an sake taɓa shi tun 1997, an ƙara halittun kwamfuta, an sauya wanda ya fara harbi a wani wuri. In wani ya ce ba haka yake tunawa ba, ba ruɗewa ya yi ba.

Saboda haka in falon ya haɗa yara da manya kuma ba kowa ke jin Turanci ba, a fara da Mr. India, rimot yana kusa. In lokacin bai kai awa biyu ba, The Gods Must Be Crazy. In matasa ne masu jin Turanci, Back to the Future ya fi duka tabbas, Galaxy Quest ya biyo baya. Andaz Apna Apna ya zo bayan Mr. India da mako ɗaya, lokacin Mogambo yana sabo a kunne. Spaceballs sai an ga Star Wars na 1977 da na 1980 tukuna. Tsakanin barkwanci zalla da almarar kimiyya mai ɗan barkwanci, ta biyu ta fi aminci a daren farko, domin in dariyar ba ta kama mutum ba, son sanin yadda za ta kaya zai riƙe shi a kujera. Barkwanci zalla in bai kama ba a minti 15 na farko, babu abin da zai cece shi.

Kafin ka tara mutane, kalli minti 20 na farko kai kaɗai, ka kashe sauti na minti biyar a ciki. In har kana gane wa ke neman me, fim ɗin zai tsallaka. Kuma in an fara, ka riƙe bakinka. Cewa "ku kalli nan, ku kalli nan" yana kashe abin dariya kafin ya sauka.

Saura kwafin da za a kunna, kuma a nan ake yawan ɓata tsohon fim. Fassarar Hausa tana taimakon Mr. India ƙwarai don labarinsa a miƙe yake. A barkwanci kuwa mai fassara yakan cike gurbin abin da ba ya fassaruwa da nasa raha, wani lokacin ta yi daɗi, amma ba ita ce wadda kake tunawa ba, kuma in muryarsa ta hau kan shirun da ɗan wasa ya yi da gangan, lokacin dariyar ya goce. Ga Andaz Apna Apna gara muryar asali da rubutun fassara a ƙasan allo in masu kallon suna karatu da sauri.

Guji kwafin da aka ɗauko daga tsohon faifan VCD. Girman hotonsa 352 ne a 288, a babban allon yau sai ya koma dishi-dishi. Yawancinsu kuma an yanke gefe da gefe don su cika talabijin mai kusurwa huɗu. Fim mai faɗi irin Blade Runner yana rasa sama da kashi 40 cikin 100 na hotonsa ta haka. Baƙin layi a sama da ƙasa alamar cikakken hoto ce, kada ka matsa rimot ya baje shi. Shiga saitin hoto ka kashe abin da ke sulɓe motsi, wanda LG ke kira TruMotion, Samsung Auto Motion Plus, Sony kuma Motionflow. An ɗauki waɗannan finafinan a hoto 24 cikin sakan guda, in talabijin ya ƙirƙiro nasa ya cusa a tsakani sai komai ya koma kamar wasan kwaikwayon situdiyo, wayoyin dabarun Mr. India da fentin bangon su fito fili. In kiɗa yana da ƙarfi magana kuma ba ta fita, sautin na sifika shida ne aka matse a biyu. Nemi layin sauti na sitiriyo a cikin fayil ɗin, ko ka kunna saitin ƙara murya. Filas ɗin da aka tsara a FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce gigabait 4, fim ɗin Indiya mai kyan hoto kuma yakan wuce haka.

Rubutun fassara yana da cuta iri biyu. In ya riga magana ko ya makara da tazara ɗaya daga farko har ƙarshe, a manhajar kunna fim ta VLC a kwamfuta maɓallan G da H suna matsar da shi kaɗan-kaɗan har ya daidaita. In kuwa ya fara daidai sannan yana ƙara gocewa, an yi shi ne don kwafin tsarin PAL mai hoto 25 a sakan, wanda ke gudu da kusan kashi 4 cikin 100 fiye da na asali. Bayan awa ɗaya tazarar ta kai minti biyu da rabi, matsarwa ba za ta gyara ba, sai an nemo wani rubutun da ya dace da kwafin. Wannan bambancin ne ma ya sa Back to the Future yake kusan minti 111 a wasu tsofaffin faifai maimakon 116, ba yanke shi aka yi ba.

Finafinan Indiya an gina su ne da hutun tsakiya, kuma marubutan suna ajiye wani babban juyi daidai wurin. In awa uku ta yi wa yara yawa, ko cajin batir ba zai kai ba, a tsaya a nan a ƙarasa gobe da dare.